Haƙoran roba a zamanin kwamfuta: Abin da inji ya sauya da abin da ya rage a hannun gwani

Idan aka sanya wa mutum haƙoran roba, aka miƙa masa madubi ya duba, likita yake yi wa godiya. Sai dai akasari ba likitan ne ya ƙera su ba. A wani ɗaki na bayan asibiti, ko ma a wani gari dabam, akwai ma'aikacin da ya shafe kwanaki yana jera haƙoran ɗaya bayan ɗaya, alhali sau da yawa bai taɓa ganin fuskar mai su ba. Aikin wannan ma'aikaci ne yake sa a ci tuwo cikin daɗi, a yi magana a gaban jama'a ba tare da rufe baki ba, ko kuma haƙoran su ƙare a cikin aljihu saboda ciwon da suke jawowa.

A 'yan shekarun nan wannan sana'a tana cikin babban sauyi. Kwamfuta da injuna sun shiga ɗakin da a da kaki da wuƙa da tukunyar tafasa ruwa kawai ake gani. Tallan "haƙoran dijital" ya fara yawaita, kuma duk wanda zai fitar da kuɗinsa, ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya kamata ya san abin da yake saya.

Girman buƙatar

Baligi yana da haƙora 32 idan sun cika. Ruɓewa da ciwon dasashi da haɗarin hanya su ne manyan abubuwan da suke raba shi da su. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan lafiyar baki na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 suna fama da cututtukan baki. Hukumar ta kuma ce kimanin kashi 7 cikin 100 na masu shekara 20 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya, kuma adadin ya kai kashi 23 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka kai shekara 60.

Rashin haƙora bai tsaya ga giɓi a baki ba. Wanda ba ya iya tauna yakan guje wa nama da 'ya'yan itace, ya koma ga kunu da abinci mai laushi, jiki ya yi ta raguwa. Furuci yakan lalace, musamman haruffa irin su "s" da "f". Kumatu sukan faɗa, leɓe ya shige ciki. Ga ɗan kasuwar da ciniki ke bakinsa, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin da yake tarbar jama'a a ofis, wannan asara ce da ta shafi neman abinci.

Wane ne mai ƙera haƙora?

Aikin ya kasu tsakanin mutum biyu. Likitan haƙori shi ne yake duba baki, ya yi maganin cutar da ke ciki, ya cire abin da ya wajaba a cire, ya ɗauki awo, sannan ya rubuta irin abin da yake so a ƙera. Mai ƙera haƙora kuma shi ne yake mayar da wannan awo da umarni su zama abin da za a sa a baki: cikakkun haƙoran roba ga wanda ya rasa duka, ko na cike giɓi ga wanda ya rasa kaɗan, ko hular haƙori ɗaya, wadda a fasalinta take kama da abin da aka sani da haƙorin Makka.

Sana'a ce ta karatu. A Najeriya an buɗe makarantar tarayya ta koyar da ita a Legas a 1955, daga baya aka mayar da ita Inugu a 1982. A 1987 kuma aka kafa hukumar da take yi wa masu wannan aiki rajista da ba su lasisi. Ɗalibi yana karanta ƙirar baki da muƙamuƙi, da siffar kowane haƙori, da halayen kayan aiki, kafin a bar shi ya taɓa aikin majiyyaci.

Yadda ake yi da hannu

Ba za a gane abin da kwamfuta ta kawo ba sai an san hanyar da ta tarar. Kafin ƙarni na 19 da hauren giwa da na dorina, har da haƙoran mutane, ake yin haƙoran sawa, kuma masu hali ne kawai suke iya saye. A shekarun 1850 aka koma ga wata tauraruwar roba da ta sauko da farashi. Wajen 1937 aka fara amfani da robar akirilik, mai launin dasashi, wadda har yau ita ce a yawancin bakuna.

A wannan hanya majiyyaci yakan je asibiti kamar sau biyar. A zuwa na farko likita yana cika wani ɗan faranti da kwaɓin aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, ya danna shi a baki har ya daskare ya ɗauki sawun dasashi. Mai ƙira ya zuba farin garin filasta a cikin sawun, dangin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti, sai siffar bakin ta fito. A kanta zai yi wani farantin da ya dace da wannan baki kaɗai, a ɗauki sawu na biyu wanda ya fi na farko daidai.

A zuwa na uku ana sa wasu dunƙulen kaki a baki domin auna tazarar da ke tsakanin muƙamuƙin sama da na ƙasa, da yadda suke haɗuwa, da inda tsakiyar fuska take. Mai ƙira ya ɗaura siffofin a kan wani ƙarfe mai buɗewa da rufewa kamar muƙamuƙi, ya dasa haƙora a cikin kaki. A zuwa na huɗu a gwada wannan a baki, a ga ko ya zauna, ko ya yi kyau, ko ana iya magana da shi.

Daga nan sai aikin wuta. Ana binne haƙoran kakin cikin filasta a akwatin ƙarfe, a narkar da kakin da tafasasshen ruwa, a cusa kwaɓin akirilik a gurbin da ya bari, a matse, a dafa na tsawon sa'o'i a ruwa mai zafin da ya kai wajen digiri 74. Dabarar ba ta da nisa da ta masu zubin tagulla, waɗanda suke narkar da kaki su zuba ƙarfe a gurbinsa. Bayan an fasa filastar a goge, a kankare, a sa shi ya yi sheƙi, sai zuwa na biyar, ranar sanyawa.

Hanya ce da ta yi wa miliyoyin mutane amfani, amma tana da rauni biyu. Na farko, akirilik yana ɗan tsukewa idan ya daskare, saboda haka abin da ya fito daga tukunya bai zama daidai da siffar da aka gina shi a kai ɗari bisa ɗari ba. Na biyu, akan fasa siffar filastar wajen fitar da haƙoran. Idan suka faɗi suka karye ko suka ɓata, sai a koma farko, a sake awo, a sake biya.

Inda kwamfuta ta shigo

Tunanin ya daɗe. A 1973 wani likitan haƙori ɗan Faransa, François Duret, ya rubuta kundin digirinsa a kan ɗaukar awon baki da haske a maimakon kwaɓi. A 1985 Werner Mörmann da Marco Brandestini suka yi amfani da na'urarsu mai suna CEREC a Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, suka sassaƙa cikon haƙori guda a gaban majiyyaci. Cikakkun haƙoran roba sun fi wuya, shi ya sa suka yi jinkiri. Masu bincike a Japan sun wallafa gwajinsu a kai a 1994, amma sai bayan 2010 abin ya shiga kasuwa sosai.

Aikin yana da matakai uku. Na farko shi ne shigar da siffar baki cikin kwamfuta. Ana yin haka ta hanyar zagaya baki da wata 'yar kyamara mai kama da kaurin buroshi, wadda take ɗaukar hotuna masu yawa ta haɗa su su zama siffa guda mai juyawa a kan allo. Ko kuma a ɗauki sawu da kwaɓi kamar yadda aka saba, sannan a sa shi a na'urar da za ta karanta shi.

Na biyu shi ne zane. Mai ƙira yana zama gaban allo da manhaja irin ta kamfanin 3Shape na Denmak ko exocad na Jamus. Manhajar tana da taskar haƙora iri-iri, tana kuma iya jera su da kanta a matsayin shawara ta farko. Shi kuma ya matsar da wannan, ya karkatar da wancan, ya duba inda na sama da na ƙasa suke gogar juna, ya tsara kaurin gindin da iyakarsa. Na uku shi ne ƙira, kuma a nan hanya ta rabu biyu.

Sassaƙa ko bugawa

A hanyar sassaƙa ana ɗaura wani faifan akirilik mai faɗin kusan santimita 10 a cikin inji, wasu ƙananan kibau masu juyawa su yi ta fiƙe shi har haƙoran su fito. An riga an dafa faifan a masana'anta cikin zafi da matsi mai tsanani, saboda haka ya gama tsukewarsa tun kafin a taɓa shi. Wannan ya sa abin da aka sassaƙa yakan zauna daram a kan dasashi, yana da ƙwari, kuma ba shi da yawan ƙananan ramukan da ƙwayoyin cuta suke ɓuya a ciki. Illarsa ita ce tsadar injin, da ɓarnar kaya, domin mafi yawan faifan yana tafiya ne a matsayin ƙura.

A hanyar bugawa, wadda ake kira 3D, inji yana haska ruwan roba da haske na musamman, ya daskarar da shi shimfiɗi bisa shimfiɗi, kowane shimfiɗi kaurinsa kamar na silin gashi. Bayan an gama sai a wanke aikin da sinadarin alkohol, a sake gasa shi a akwatin haske har ya ƙosa. Injin ya fi na sassaƙa araha, ba ya ɓarna sosai, kuma yana iya buga na mutane da yawa a lokaci guda. Amma gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa robar bugawa ba ta kai ta sassaƙa ƙwari da riƙe launi ba, ko da yake ana ta kyautata ta. Haka kuma idan aka yi gaggawa wajen wankewa da gasawa, ragowar ɗanyen sinadari yakan iya sa dasashi ya yi ja ko ƙaiƙayi.

Ko ta wace hanya aka bi, aikin yana komawa hannu a ƙarshe. Mutum ne yake manna haƙoran a gindinsu idan daban aka ƙera su, shi ne yake goge kaifi, ya sa launi, ya fito da sheƙi.

Ribar majiyyaci

Riba ta farko ita ce lokaci. Zuwa biyar yana iya komawa biyu ko uku. Ga tsohon da sai an ɗauko shi daga ƙauye, ko ma'aikacin da sai ya nemi izini a ofis, wannan ragin kuɗin mota ne da wahala.

Ta biyu ita ce ajiya. Zanen yana nan a kwamfuta. Idan haƙoran suka karye ko aka manta su a masauki, ana iya sake fitar da irinsu ba tare da an fara daga tushe ba. Ana ma iya karanta tsofaffin haƙoran da mutum ya saba da su, a yi masa sababbi a kan fasalinsu, abin da yake sauƙaƙa wa dattawa sabo.

Ta uku ita ce kawar da nisa. Likita a wani gari yana iya tura awo ta intanet zuwa ɗakin ƙira a wani gari cikin mintuna, a maimakon a ba direba kwali, wanda zafi da jinkiri suke iya lalata sawun da ke ciki kafin ya isa.

Abin da inji bai ɗauke ba

Haƙoran sama suna manne ne da ganɗa ta hanyar yawu da toshewar iska a gefunansu, kamar yadda murfi yake kama jiƙaƙƙen faranti. Kafin haka ta samu, dole gefen ya tsaya daidai inda dasashi ya haɗu da naman kunci da leɓe, wurin da yake motsi duk lokacin da aka yi magana ko dariya. Kyamara tana ɗaukar abu ne a tsaye. Tana karanta haƙori da kyau saboda ba ya motsi, amma nama mai laushi da santsi yana ba ta wahala. Wannan ne dalilin da ya sa likitoci da yawa har yanzu suke ɗaukar sawu da kwaɓi ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya, sannan a shigar da shi kwamfuta.

Haka nan tazarar muƙamuƙi, mutum ne yake auna ta. Idan ta yi yawa, haƙoran za su riƙa karo da juna wajen magana, muƙamuƙi ya yi ciwo. Idan ta yi kaɗan, fuska za ta zube, gefen baki ya riƙa tsagewa. Duk kuskuren da aka shigar wa inji, haka zai fitar da shi, daidai wa daida, ba tare da ya sani ba.

Sannan akwai ido. Manhaja takan jera haƙora reras, farare tas, kamar na talla. Gwani ya san cewa irin waɗannan a bakin ɗan shekara 70 tun daga nesa ake gane na roba ne. Shi ne zai ɗan rage farin, ya daidaita girman da faɗin fuska, ya mayar wa mai wushirya wushiryarsa idan yana so.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne baki yana sauyawa. Da zarar an cire haƙori, ƙashin da yake riƙe da shi yakan fara zaizayewa, da sauri a watannin farko, sannan a hankali har ƙarshen rayuwa, kuma na ƙasa ya fi na sama saurin tafiya. Don haka zanen da aka ajiye shekara biyar da suka wuce ba lallai ne ya dace da bakin yau ba. Sai an sake dubawa, a ƙara ciko a gindi ko a sake awo.

Halin da sana'ar take ciki a gida

A Najeriya hanyar hannu ce ta fi yawa, kuma akwai dalili. Kyamara da injuna da faifai da ruwan roba duk daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Wasu manhajojin sai an riƙa sabunta lasisinsu da kuɗin waje. Injin da yake tsakiyar aiki idan wuta ta ɗauke yana iya lalata faifai guda, don haka sai an tanadi janareto ko hasken rana da batura. Idan ya lalace kuma, mai gyara da kayan gyara ba a kusa suke ba. Duk wannan yana hawa kan kuɗin da majiyyaci zai biya.

Ga masu sana'ar kuwa, sauyin yana da fuska biyu. Aikin da yake cin kwanaki, na zubi da dafuwa, inji ya rage shi, kuma ɗaki ɗaya mai injuna yana iya karɓe aikin ƙananan ɗakuna da yawa. A ɗaya ɓangaren, wanda ya iya zane a manhaja yana iya yi wa asibitoci masu nisa aiki daga inda yake zaune. Matashin da zai shiga wannan fage yana buƙatar duka biyun, domin wanda bai taɓa jera haƙora a kaki ba, da wuya ya gane lokacin da shawarar manhaja ta kauce.

Akwai kuma haɗarin da ya girmi kwamfuta, wato 'yan bakin hanya da suke manna wa mutane haƙori da roba mai daskarewa nan take, su liƙa shi a jikin na kusa da shi yadda ba ya cirewa. Abinci yana taruwa a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, lafiyayyun haƙoran su fara girgiɗi. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Saukar farashin injin bugawa yana iya ba irin waɗannan mutane sabon makami, shi ya sa batun lasisi ya ƙara muhimmanci.

Kafin a biya kuɗi

Kalmar "dijital" a allon talla ba shaidar inganci ba ce. Haƙoran da gwani ya yi da hannu sun fi na inji da aka yi a kan gurɓataccen awo. Mai neman haƙoran roba yana da haƙƙin ya tambayi ko likita mai rajista ne zai duba shi, da kuma ko wanda zai yi ƙirar yana da lasisi. Ya tambayi ko sassaƙawa za a yi ko bugawa, da bambancin kuɗinsu. Ya nemi a yi masa gwaji kafin ƙirar ƙarshe, domin a lokacin ne gyara yake da sauƙi. Ya ji ko za a ajiye zanen, da nawa za a caje shi idan ya dawo neman wani. Ya kuma tabbatar ko kuɗin ya haɗa da gyare-gyaren makonnin farko, tun da kusan kowane sabon haƙoran roba sai an ɗan kankare inda yake gugar nama.

Bayan an karɓa, kulawar iri ɗaya ce ko ta wace hanya aka ƙera su. A cire su da dare domin dasashi ya huta, a ajiye su cikin ruwa mai tsabta. A wanke su da buroshi mai laushi da sabulu, a guji ruwan zafi domin yana lanƙwasa su. Kada a kankare su da reza ko a liƙa su da gam idan sun tsage. Ƙarfin taunarsu bai kai na haƙoran asali ba, don haka a fara da abinci mai laushi, a yanka nama ƙanana, a tauna da ɓangarorin biyu. Duk gyambon da ya wuce mako biyu a baki bai warke ba, a kai shi gaban likita ba tare da jinkiri ba.